Rasuwar Mai Dogon Wuya, Kwalbar Zoɓon Hajiya Rabi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Hajiya Rabi Maitama ta garin Laurel a Amurka tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwalbar gilashinta, wadda aka fi sani da Mai Dogon Wuya. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya tana hidimar gidan.

Marigayiya ta shigo gidan ne a 2005, kyauta daga Constance, abokiyar aikin Hajiya a Washington. Hajiya na ganin faffaɗan ƙasa da siririn wuya ta ce wannan don zoɓo aka yi ta. Shekara uku tana zagaya baƙi da ita, kafin 'yarta Umaima ta faɗa da Turanci, a gaban matar liman, cewa jar giya Turawa ke juyewa a ciki don ta sha iska. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "To, a gidan nan ta tuba." Matar liman ta miƙo kofi aka ƙara mata.

An shaidi marigayiya da haƙuri. Takan riƙe gyauron citta da kanumfari a ƙasanta, zoɓo ya fito tas. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai ɗan ƙulul-ƙulul idan ana tsiyayawa. Aibinta ɗaya, ba ta son wanka: babu soson da ya taɓa kaiwa cikinta.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Hajiya na fita cefane, maigida Alhaji Maitama, injiniya guda, ya ciro ta daga firij ya ɗura mata tafasasshen shayi. Tsas ɗaya ta yi, rai ya yi halinsa. Alhaji ya ce haka ya same ta. Hajiya ta dubi shayin da ke malale a ƙasa, har yau kuma ba ta tuƙa tuwo ba.

Ta rasu ta bar ƙanwa ɗaya mai kusurwa huɗu da murfi, wadda aka ƙera don giyar wuski amma take riƙe da zuma, da kofuna biyar, da wani jug na roba da ya daɗe yana jiran wannan rana.

An yi mata sutura da tsohuwar jarida. Za a kai ta makwancinta ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe, daidai wucewar motar shara. Hajiya za ta karɓi gaisuwa a falo. Alhaji ba zai samu zama ba, don an ba shi zuwa Asabar ya nemo magajiya, Constance kuma ta ce kanti ɗaya ta sani da ke sayar da irinta. Saboda haka iyalan na roƙon duk wanda ya ga motar Alhaji a ƙofar kantin giya, ya kyautata zato.