Rasuwar Takalmin Ƙafar Dama na Malam Maliki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyayyen kai ba, Malam Maliki na garin Babban Mutum, ɗan marigayi Sarkin Baka, yana sanar da 'yan uwa, da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan labari, rasuwar takalminsa na ƙafar dama. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a bakin aiki, a kan dutsen da ke bayan gari.

Marigayin ɗan gwanjo ne, irin na soja mai dogon wuya. A kasuwar Kongolam aka samo shi, kuma ya shigo gidan a mawuyacin lokaci. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Maliki. Yana kwance baƙin bunsurunsa ya tsinke, ya haye dutse, ya zama ɗan dawa. Sai ya sauko ya yi wa waken mutane aski, kafin a ɗauko sanda ya koma ƙololuwa yana kallon gari. Da ƙorafi ya yi yawa, mai unguwa ya ce in ba a kama shi kafin wake ya nuna ba, za a kira mafarauta daga wani gari su harbe shi. A ce ɗan Sarkin Baka yana raye, baƙi su shigo da karnuka saboda dabbarsa! Maliki ya ce shi zai hau. Majalisar bakin kasuwa ta yi dariya, domin a lokacin jan ƙafar dama yake yi.

Marigayin bai yi dariya ba. Da farko dai mai taurin kai ne, ya ci dunduniyar mai shi har ta yi ƙanta. Aka jiƙa shi, aka sha yawo da shi a jiƙe, Haulatu uwargida ta riƙa shafa masa man kaɗe har ya yi laushi ya san ubangidansa. Audi mai gyaran takalmi ya yi masa sabon ƙasa da tayar babur don ya kama dutse. Daga nan kullum bayan sallar asuba suna tare: zagayen gona, sai tudun yashi da buhun ƙasa a kafaɗa, sai gindin dutse. Maƙwabta za su tuna muryarsa. A watannin farko “shaaa, shaaa” yake cewa, saboda jansa ake yi. Ranar da ya fara cewa “ƙwas, ƙwas” kamar ɗan uwansa na hagu, Haulatu tana tankaɗe ta ajiye rariya ta share ido da gefen mayafi.

Bai taɓa gudun ƙaya ba, bai taɓa ƙorafin zafin rana ba. Ko wari ya yi, a zaure yake kwana don kada ya takura wa kowa.

Jinyarsa gajeriya ce. Ya fara buɗe baki ta gaba, Audi ya ɗinke, ya sake buɗewa. Audi ya ce, “Yaya Maliki, wannan fa ya gaji.” Maliki ya ce, “Ni ma an ce na gaji.” Ranar Laraba suka kai inda ba su taɓa kaiwa ba, har suna jin warin bunsurun. Nan tsakuwa ta zame, Maliki ya tafi da baya. Marigayin ya cusa kansa cikin tsagar dutse ya riƙe ƙafar gam, har mai shi ya samu ya cafki saiwar wata bishiya. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “ɓarrr”. Audi ya juya shi gaba da baya, ya girgiza kai, ya ce ba sauran wurin da allura za ta kama.

Ya rasu ya bar abokin tagwaicinsa na hagu, wanda har yanzu ke tsaye a zaure shi kaɗai, da safa biyu masu huji, da rabin gwangwanin man kaɗe. Ya kuma bar ƙafar dama guda, wadda ya karɓa tana jan ƙasa, ya mayar da ita tana hawa dutse.

Iyalin na godiya ga masu cewa wannan ishara ce a haƙura. An ji, ba a karɓa ba. Ana kuma roƙon mai unguwa kada ya wahalar da kowa da aike wani gari.

Za a binne marigayin ranar Asabar da sassafe a gindin dutsen, ƙarƙashin aduwa. Kafin a rufe shi za a zare igiyarsa a ƙulla ta a bakin igiyar da za a ɗaure bunsurun da ita. Ba za a yi zaman makoki ba, domin Audi ya riga ya yanka wa Maliki takalmin taya, kuma ana gama turbuɗa ƙasa Maliki zai kama hanyar dutse. Masu ta'aziyya su zo da wuri. Wanda ya makara, ya ɗaga kai sama, can zai hango mai karɓar gaisuwa.