Yadda Za Ka Samo Robar Ƙofar Motar Marigayi Saje

Idan mahaifinka tsohon soja ne, ya rasu ya bar muku motar soja da ya saya a gwanjo, kuma yayanka Tukur ya rantse muddin ruwan daminar bana ya shige ta sai ya kira 'yan gwangwan sun yanka ta, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan. Sakamako tabbas ne, ko wane iri.

1. Gano inda tsohuwar robar ta tafi

Kada ka ɗora wa rana laifi. Ta ƙofar hagu, matan gida sun hura gawayi da ita. Ta gilashin gaba, ga ta can ɗaure da akurkin kaji. Ka gani, ka yi shiru, domin a gidan za ka ci tuwo.

2. Tafi Ikara da hoto a waya

Mai kayan mota zai kalli hoton ya ce, "Akwai." Wannan ladabi ne kawai. Zai ba ka benci, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fito maka da robar ƙaramar bas. Yi godiya ka tashi.

3. Wuce Makarfi

Nemi Inuwa bakanike. Zai juya guntun robar da ka yanko daga akurki, ya shinshina, ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya ƙera wannan ai ya riga Saje rasuwa." Zai ba ka shawarar robar da ake ɗaure kaya a bayan babur. Kada ka yi fushi. Sayi rake, don kada ka koma gida hannu rabbana.

4. Ƙarasa Kudan, wurin Sani mai gyaran firji

Nan ilimin yake. Abin da ya hana sanyi fita, zai hana ruwa shiga. Masana ba su yi saɓani a kan wannan ba, don ba a tambaye su ba. Kwashi robar ƙofar matattun firji, ka liƙa da gam. Fara ce sol, saboda haka shafa mata baƙin mai. Motar soja ba ta son kwalliya.

5. Gwaji

Da hadari ya haɗo, ka roƙi mahaifiyarku, Inna Halimatusa'adiya, ta shiga gaba, tunda ita ce alƙali. Sa mata turmi ta taka, motar doguwa ce. Tukur zai tsaya a zaure da lambar mai gwangwan a hannu. Kai kuma ka tsaya cikin ruwan, domin motar nan ce kaɗai abin da ya rage mai warin babanku.

Ruwa zai ɗauke. Buɗe ƙofa. Zanenta a bushe ƙayau. Kada ka yi murna tukuna, dubi fuskarta.

"Wa ya toshe nan?" za ta ce, tana nuna saman gilashi.

"Ni ne, Inna."

"Ta nan take ɗiga. Daga Saulawa har Zariya a gwiwata take ɗiga, sai babanku ya cire hularsa ya ɗora min, ya yi ta tuƙi kai ba hula."

6. Nemi reza

Yanke robar daidai inda ta nuna, faɗin yatsa. Tukur zai ce, "To ai ga shi za ta yi yoyo, Inna, sharaɗi ya cika." Ita za ta gyara zama ta ce masa, "Kira 'yan gwangwan ɗin. Ka ce su zo da babban sikeli, har da ni za su auna."

Ba zai kira ba. Zai shiga gida, ya daɗe, ya fito da tsohuwar hular Saje.

Gargaɗi: Mai wannan bayani ba shi da hannu a jiƙewar kujera, mura, ko firjin da aka wayi gari ba ya rufuwa a Kudan. Haka nan idan ka ga ƙaton yayanka ya juya baya yana goge fuska, ruwan sama ne, kuma ba ni na aiko shi ba.