Na Liƙe Bambar Motata, Na Haɗa da Maƙwabcina

Jama'a, ranar Talata bambar motata ta tsage gida biyu. Daga layin mai na fito, bayan awa huɗu ina hira da mutanen da ban sani ba har muka kusa zama dangi. Murnar samun rabin tanki ta ɗauke mini hankali, na afka ramin nan na bakin kwanarmu. Kun san shi, wanda Mai Girma Sarkin Yanke Kirtani ya ƙaddamar da gyaransa har sau uku, da rumfa da lasifika. Allah ya ƙara masa lafiya, duk zuwan da ya yi sai ramin ya ƙara faɗi, ina jin don ya ji daɗin tarbar manyan baƙi ne.

Ban yi nisa ba masu duba lafiyar motoci suka tare ni. Babbansu ya taɓa bambar da ke reto, ya ce motata haɗari ce ga titi. Na dubi titin, na dubi motar, na rasa wanda ya kamata ya kai ƙarar wani. Ya ba ni kwana uku in gyara, ko su kulle ta. Ni kuwa da ita nake ɗaukar fasinja, da ita gidana ke ɗora tukunya.

Fanal bita, mai gyaran jikin mota, ya faɗi farashin da ya sa na tambaye shi ko har da sabuwar mota a ciki. Da ya ga idona ya raina fata, sai ya tausaya. Ya ce bambar ta faiba ce, ba ta ƙarfe ba, ba ta son walda, liƙe ta ake yi, kuma zan iya da kaina. Ya haɗa ni da ƙyallen faiba, da gwangwanin gam, da wata 'yar kwalba mai sa gam ɗin ya daskare. Ya ja mini kunne: ɗigo kaɗan ake zubawa.

Washegari da hantsi na kwance bambar, na kifa ta a kan benci a ƙofar gida. Na wanke, na goge bakin tsagar da samfefa ta ciki, na haɗe ta da salatif ta waje. Na yanka ƙyallen da almakashin maman yara, na kuma ari robarta na juye gam a ciki ba tare da na sanar da ita ba. Kafin in gama yankan, ƙaiƙayi ya kama ni tun daga yatsu har wuya, don na raina safar hannu. Da na zo kan 'yar kwalbar nan sai na ce ɗigo kaɗan rowa ce, na tuttula. Robar ta ɗau zafi, gam ya fara daskarewa, na shiga shafawa da buroshi da sauri, ina shimfiɗa ƙyalle ina dannawa, gam na zuba a kan benci.

Ana cikin haka sai ga Kakaki. Maƙwabcina ne, mai riƙe wa wani babba jaka, kuma ba a taɓa yin ɓarnar da ya rasa uzurinta ba. Ya samu gefen bencin ya zauna da sabon wandonsa. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu, ya ce matsalarmu mu talakawa ba ma saurare.

To, na saurara. Ya bayyana mini cewa abin da ke kwanarmu ba rami ba ne, mataki na farko ne na aiki. Ya ce an kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, har an sayo musu motocin zagayawa masu tsayin da rami ba ya damunsu. Ya ce layin mai ma alheri ne, yana ƙara zumunci. Minti ashirin yana zuba, ni ina gyaɗa kai ina kallon gam yana aikinsa.

Da ya gama ya yunƙura zai tashi, sai benci ya biyo shi.

"Maƙwabci, me ke riƙe da ni?"

"Son jama'a ne, ranka ya daɗe," na ce. "Sun ce ka zarce."

Maman yara ta fito neman robarta, ta same ta da buroshi a tsaye a ciki kamar an dasa. Ta dube ni, ta dubi Kakaki, dariya ta hana ta faɗan da ta zo yi. Ita ta miƙo almakashi da zani. Muka yanke wandon muka raba shi da bencin, ya ɗaura zanin ya tafi gida yana bin jikin bango.

Bamba kam ta kamu. Na goge, na shafa fila mai cike tsaga, na fesa fentin da ya ɗan yi kama da na motar in an tsaya nesa. Masu dubawa suka bubbuga, suka ƙyale ni ba da son ransu ba.

Jiya Kakaki ya dawo, ya ja ni gefe, ya rage murya. Wai ya ba mai gidansa labari, shi ne ya aiko a tambaya ko akwai ragowar gam ɗin, tunda zaɓe ya matso. Na ce ya koma ya gaya masa kada ya wahalar da kansa. Nawa ai almakashi ya raba. Irin wanda suke shafa wa kujerunsu, har yau ba a ƙera abin da ke yanka shi ba.