Banɗakin da Na Gyara wa Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar gidana ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Mutanen unguwarmu a Jega ne suka ƙi ba ni haɗin kai.

Gidan ba sabo ba ne. Sashe ne na ƙasa a wani tsohon bene, ɗaki uku da falo da kicin da banɗaki biyu. Na saye shi a hannun wani dattijo, Alhaji Bawa, wanda ya yi ritaya ya gina nasa a bayan gari. Kuma ba don ƙawa na saya ba. Mahaifina malamin makarantar allo ne a Jiga Birni, gwiwoyinsa sun gaji, likita ya hana shi tsuguno, ya kuma ce ya riƙa zuwa asibiti duk bayan mako biyu. Shekara guda ina roƙonsa ya dawo wurina yana cewa shi ba zai zauna gidan haya ba. Ranar da na kai masa labarin na sayi nawa, ya ce to, zai zo ya gwada. Wanda ya san Baba ya san ma'anar wannan kalma. Idan abu bai yi masa ba, ba zai faɗa ba, sai dai ka ga ya naɗe buzunsa.

Saboda haka na ɗaura ɗamarar gyara. A nan ne ciwon ya same ni. Na fara kallon bidiyon gyaran gidaje a waya, kafin wata guda na zama masani (a wurina, ba a wurin kowa ba). Na koyi cewa farin fenti yana ƙara wa ɗaki faɗi. Na koyi cewa idan ka kafa babban madubi yana kallon taga, haske zai ninka. Labule kuma daga can saman sili ake rataye shi har ƙasa, don ɗaki ya yi tsawo a ido. Na sa aka sauke tsohon silin katako da ruwa ya zana wa taswira, aka yi na zamani mai ɓoyayyun fitilu. Matata Saratu ta ce farin fenti da yara uku da lokacin mangwaro ba za su zauna lafiya ba. Na ce mata ba ta waye ba. Abu ɗaya kawai ta ci nasara a kai: wani lungu mai tagar raga a kicin, inda Alhaji Bawa yake jibge albasarsa ta Aliero. Na so in toshe shi in sa kabad, ta ce sai dai in nemo mata wani kicin. Na bar mata, ina jin haushi.

Maginin da ya yi mini aikin, Malam Sani, mutumin Sarandosa ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. A makon farko yakan ba ni shawara. Ranar da muka yi musu a kan sili, na ce masa a gaban kowa aiki na ɗauke shi, ba shawara ba. Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Banɗakin da ke cikin ɗakin Baba shi ne babban aikin. Siriri ne, dogo, kamar lungu. Abin da ya ba ni dariya tun ranar farko shi ne yadda aka aza tsohon masan: a gicciye, yana kallon bangon gefe, ta yadda in mutum ya tsuguna hancinsa na dab da siminti. Ga tsawon ɗaki nan a banza, amma an matse shi a faɗi. Na ɗauki hotonsa na tura wa abokaina, muka sha dariya. Na ce da Malam Sani ya fasa, ya aza sabon masai na zama a ƙarshen ɗakin, bayansa ga bango, fuskarsa ga ƙofa, yadda nake gani a hotuna.

Malam Sani ya tsaya da guduma a hannu ya ce, “Malam, ka duba inda zai kalla?”

Na ce ƙofa zai kalla, ko yana so ya kalli sili ne? Ya dube ni. Sai ya ce, “To. Gidanka na.”

Ba don ni na yi ba, banɗakin ya yi kyau. Tayil ruwan toka mai kaushi don kada tsoho ya zame, ƙarfe a bango na kamawa a tashi, ƙaramar kujerar alwala, famfo daidai hannu. Na yi tunanin komai. Har na kan shiga in zauna a kan murfin masan in yi ta kallon aikina.

Baba ya zo ranar Litinin da 'yar jaka ɗaya da buzunsa da sandarsa. Littattafansa bai zo da su ba, na lura, amma na ce ai gwaji ne. Na zaga da shi gida. Ya kalli madubi, ya kalli fitilu, ya ce Allah ya sa albarka. Da muka zo banɗaki ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, ya waiwaya ya dubi tagar ɗakinsa, ya sake duban masan. Ya ce na yi ƙoƙari. Ni kuwa na ɗauka kyan wurin ne ya ɗaure masa baki.

Abin da ya biyo baya duk a gaban idona aka yi shi, kuma kowanne sai da na ba shi fassarar da ta yi mini daɗi. Baba ya rage cin abinci, tuwo loma uku ya ture kwano. Na ce kunyar suruka ce. Ya rage shan ruwa a wannan zafin. Na ce tsufa ne. Kafin kowace salla da kusan awa guda sai ya ɗauki sanda ya nufi masallacin unguwa, yana ɗingishi. Na riƙa faɗa wa abokan aikina cewa Jega ta karɓi tsohon, har ya fi ladan sammako. Saratu ta ce mini duk lokacin da ta shiga wanke banɗakin Baba sai ta tarar da masan a bushe. Na ce ai Baba mutum ne mai tsabta. (Ta dube ni wani irin kallo da har yanzu in na tuna sai in ji kunya.) Banɗakinmu kuwa a cikin ɗakin kwananmu yake, ko a mafarki Baba ba zai taka can ba.

Ranar Juma'a da la'asar ya ce mini in an gama walima gobe, zai bi abokansa malamai su koma Jiga Birni, karatun ɗalibai ya tsaya. Gaskiya raina ya ɓaci. Na yi wata biyu ina shaƙar ƙurar siminti saboda shi, ga shi kwana biyar ya gaji. Na ƙudura a raina gobe sai na nuna wa abokan nasa irin gatan da yake shirin gudu ya bari, ko su za su ja hankalinsa.

Asabar da hantsi aka yi walima. Malamai sun zo daga Jiga Birni da Kimba, ga liman da ladanin unguwa, ga Alhaji Bawa da na gayyato musamman don ya ga yadda gidansa ya zama gida. Aka yi addu'a, aka ci waina. Sannan na miƙe na ce dattawa su zo su ga ciki.

Na yi bayanin fenti. Na yi bayanin madubi. Na kunna fitilu na kashe, na sake kunnawa. Dattawa suna ta masha Allah. Da na ga kasuwa ta yi kyau sai na ja su zuwa ɗakin Baba, na buɗe ƙofar banɗaki da hannu biyu. Ban tsaya nan ba. Na ciro waya na nuna musu hoton tsohon masan, ina dariya, na ce ban san wane magini ne ya yi wannan aika-aika ba, ko igiyar awo ba ta zo garinsu ba. Na ce mutanen zamanin da can akwai ƙarfin hali, amma tsari sai a hankali. Na faɗi haka, Alhaji Bawa yana tsaye a kafaɗata.

Babu wanda ya taya ni dariyar. Alhaji Bawa ya gyara hula, ya ce a hankali shi ya sa aka aza shi haka, sai da ma aka fasa na farko aka sake. Sannan ya cire takalmi ya shiga, ya tsaya a gefen masan, ya miƙa hannunsa daidai inda mai zama zai fuskanta.

“Yaro,” ya ce, “nan ina na?”

Na ce ƙofa ce.

“Bayan ƙofa fa?”

Na bi hannunsa da ido. Ya wuce ƙofa, ya ratsa ɗaki, ya sauka a kan buzun Baba da ke shimfiɗe, kansa yana kallon inda hannun ya nuna. Gabas ce. Alƙibla, cif, ko da na'ura aka auna ba za a fi haka saiti ba. Na ɗauko masai na zaunar da shi yana fuskantar inda nake fuskanta sau biyar a rana, na kuma kira malamai fiye da goma su zo su yaba.

Ina cikin neman inda zan sa fuskata, sai ladan ya ce ashe shi ya sa. Ya ce tun Litinin Malam, wato Baba, a makewayin masallaci yake zagawa, na tsuguno, mai matakala uku. Sau biyu yana jin sanda na bugun ƙofa, sai ya shiga ya kama shi ya miƙar. Ya tambaye shi ko ba banɗaki a gidan ɗansa, Malam ya ce akwai, mai kyau ma.

Da mai hankali ne da ya yi shiru. Ni sai na tuna ɗan karatuna. Na ce ai malamai sun yi bayani, idan a cikin gini ne akwai sauƙi, a fili ne aka hana. Na faɗi haka a gaban mutanen da gemunsu ya yi fari a kan wannan karatun.

Baba yana zaune a bakin gado. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, ranar ma bai kira ba.

“Na sani,” ya ce. “Ni nak karantar da kai wanga babi. Ban ce ka yi haramun ba. Amma shekara saba'in da wani abu ban taɓa ba gabas fuskata cikin wanga hali ba. Na gwada ran Litinin. Jikina ya ƙi.”

Na ce me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce ya ga yadda nake murna, kuma ya ga an riga an sa tayil.

Wannan ita ce maganar da ta gama da ni. Kunyar malamai daban, wannan daban. Kwana biyar tsoho yana ƙin cin tuwo, yana hawa matakala da gwiwar da likita ya ce a lallaɓa, don kada ya ɓata wa ƙaton ɗansa rai a kan tayil.

Ya bi abokansa ya tafi a ranar. Da na raka shi mota na ce zan gyara, ya ce to, in siminti ya bushe a gaya masa. Ban iya gane ko alkawari ne ko sallama ba.

Washegari na je har Sarandosa neman Malam Sani, don na ji nauyin kiran waya. Na same shi yana yaɓe katanga. Ya saurare ni har na gama, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, “Na so in gaya maka. Kac ce aiki ka ɗauke ni.” Na ce yanzu shawara na zo ɗauka. Ya ce wannan ta fi tsada, sai a lokacin ya yi dariya.

Aka fasa. Aka juya bututu, aka mayar da masan a gicciye, daidai inda Alhaji Bawa ya bar nasa. Irin tayil ɗin ya ƙare a kasuwa, sai wani mai ruwan ƙasa muka samu aka cike gurbin, ya fito kamar faci a gwiwar wando. Ƙarfen kamawa ma aka sauya masa bango, ramukan farko suna nan har gobe.

Na aika wa Baba saƙo. Kwana tara shiru. A na goma sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida, aka sauko da shi, aka sauko da jaka, sannan aka sauko da buhu biyu na littattafai. Ya ci tuwonsa tas, ya nemi ƙari. Can bayan azahar muka ji ƙarar sandarsa, sannan ƙofar banɗaki ta rufe. Ni da Saratu muka tsaya cirko-cirko a falo, manya da mu, muna kasa kunne. Da muka ji zubar ruwa, Saratu ta ce alhamdulillahi, kamar an yi mana albishir ɗin haihuwa.

Ya fito yana goge hannu, ya ce wurin ya ɗan matse, gwiwa na taɓa bango. Sai ya ce, “Bar shi hakanan. Daidai shike.”

Yau shekara biyu yana tare da mu. Farin fentin ya zama ruwan mangwaro daga ƙasa zuwa tsawon yaro, kamar yadda aka faɗa mini. Har yanzu in na shiga masallaci a makare, ladan yakan nuna mini gaba da yatsa ya ce, “Malam, nan ne gabas.” Ina amsawa da na gode, don ba ni da bakin magana. Abin da na koya dai ba shi da yawa: in na ga abu a karkace a tsohon gida, nakan nemi wanda ya karkata shi in gaishe shi, in tambaye shi dalili, kafin in aika a kira mai guduma.