Ɗan Ta'addan da Ya Tsaya Gaisuwa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da daminar da 'yan fim suka sauka a ƙauyenmu ba, nan kusa da Makoda. Fim suka zo ɗauka kan jami'an tsaro da ke farautar wani shugaban 'yan ta'adda, kuma darektan ya rantse babu rawa babu kwalliya, sai gumi da taɓo. Da aka ce ana neman samari masu gudu, ni na fara kai kaina. (Ban taɓa tsere wa kowa ba a rayuwata, amma wa zai bincika?) Aka ba ni bindigar katako da rawanin rufe fuska, aka ce ni ne yaron ogan 'yan ta'adda.

Damuwata ɗaya ce: Malam Ilu, mahaifin Sa'adatu da nake nema. Shi a wurinsa ɗan fim da ɗan iska duk ɗaya ne. Magabatana sun riga sun je, amsarsa kawai ake jira. Don haka na ɓoye maganar, na dogara da rawanin nan ya rufa min asiri.

Ranar ɗauka darektan ya ce in bi siririyar hanyar da ta ratsa gonakin dawa, sojoji na biye da ni, kuma kome ya faru kada in tsaya. Na zuba da gudu, har ina jin daɗin kaina. Sai ga Malam Ilu ya ɓullo daga cikin dawa, fartanya a kafaɗa.

Da na wuce shi da gudu, wallahi har gobe ba zai san ni ne ba. Amma ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Kawai na tsinci kaina a durƙushe gefen hanya, na ajiye bindiga, har takalmi na cire.

"Barka da hantsi, Baba. An tashi lafiya?"

Ya dubi rawanin, ya dubi bindigar. "Wannan ai muryar ɗan gidan Tanko ce. Kai ne ka koma haka?"

Kafin in haɗa amsa sojojin suka iso suka danne ni. Darektan ya cire hularsa ya buga da ƙasa yana tambayar a ina aka taɓa ganin ɗan ta'adda mai gaisuwa. 'Yan kallo kuwa har da masu faɗuwa cikin gyaɗa don dariya. Malam Ilu ya gyara fartanyarsa ya wuce. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma tabbata Sa'adatu ta kuɓuce min. Daga ranar sunana ya koma Barka-da-hantsi, har a bakin ƙannena.

Bayan kaka aka nuna wa masu sharhi fim ɗin a Kano kafin a sake shi. Sai magana ta fara yawo a rediyo da waya: fim ne mai ɗaci, ba ya lallashin mai kallo. Kuma wurin da kowa ke ambata shi ne inda ɗan ta'adda ya ajiye bindiga ya gaida dattijo. Ashe ba a yanke ba! Wata mai sharhi ta ce nan ne tsikar jikinta ta tashi, don ta tuna yaran nan daga gidaje suka fito, an yi musu tarbiyya kafin a lalata su. Darektan ma aka ji shi yana cewa ya daɗe yana tsara wurin. (Na yafe masa, amma hular nan shaida ce.)

Malam Ilu ba ya rabuwa da rediyo, don haka ba a jima ba ya aiko in zo. Na je na sake durƙusawa.

"Ni ban san fim ba," in ji shi. "Amma yaron da sojoji ke kora ya tsaya ya gaishe ni, ba zai wulaƙanta min 'ya ba. Ka ce wa Tanko ya zo mu sa rana."

Na miƙe ina ji kamar in tashi sama. Har na kai ƙofar zaure ya kira ni.

"Su masu sharhin, ni ba su ce na iya fim ɗin ba?"

Abin da na koya shi ne, in za ka ɓoye wa suruki wani abu, rufe fuska bai isa ba, sai ka haɗa da baki. Ni dai na gode wa Allah da ban iya ba.