Ranar da Na Gyara wa Surukata Hanya

Ni da na sha sanyin Mosko da na Toronto, wai ƙanƙarar unguwarmu ta Longsight ce za ta ba ni tsoro? Ranar nan Hajiya, surukata, tana hanya daga Birmingham, bakin ƙofarmu kuwa ya daskare. Matata ta ce, "Baban Amir, ka barbaɗa gishiri ya narkar da ƙanƙarar kada Hajiya ta faɗi." Na ce, "Haba, gishiri ai na miya ne. Ki bar wa masana aikinsu."

Na tafasa ruwa kettle uku na kwarara a kan matattakalar ƙofa, ƙanƙara ta narke tas. Na koma ciki na zura babbar riga, ina jin kaina injiniya. Ashe ruwan nan ya sake daskarewa, ya fi gilashi santsi.

Mota na tsayawa na fito da sauri in tarbi Hajiya. Taku ɗaya na yi. Sai ga ƙafafuna a sama, hulata a ƙarƙashin motar maƙwabci, ni kuma na sulalo a kwance har gabanta. Kunyar surukuta ta hana ta dariya, ta kuma hana ta ɗaga ni. Ta kau da kai, kafaɗunta na ta rawa cikin mayafi, ta ce, "Gaisuwar ta isa haka, Allah ya yi albarka."

Sati shida hannuna na naɗe a filasta. Har yau, da sanyi ya shigo, Hajiya za ta bugo wa 'yarta waya: "Kin dai ɓoye masa kettle ɗin ko?"