Farfesa Bututu Ya Wanke Mana Iska

Surukina, mijin babbar 'yata, shi ya fara gaya mini cewa iskar cikin gida ma ana wanke ta. Ni dai na san ana wanke kaya, ana wanke kwanuka, ana wanke gawa. Ya ce, "Umma, ai yayana ne ke wannan aikin, kuma duk faɗin garin nan babu na biyunsa." Rubuta, auta, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini. Kuma ba da shi nake yi ba, Allah na gani. Yabonsa zan yi.

Mutum ne da ya cancanci yabo. Da can fanka yake gyarawa a bakin kasuwa. Sai ya tafi kwas na kwana uku, ya dawo da farar riga irin ta likitoci da wata takarda mai tambarin zinariya. Tun daga ranar bai ƙara amsa sunan da ubansa ya raɗa masa ba. Ya ce a riƙa ce masa Farfesa. Mutanen unguwa, da yake ba su da rowa, suka ƙara masa da Bututu. Ilimin da wasu ke shekara bakwai suna nema, shi cikin kwana uku ya kwashe shi tas, har da hutun cin abinci a tsakani.

Gidan da muke ciki tsoho ne, ya girmi 'yata. Masu shi na farko sun sa na'urar sanyi a cikin silin, da bututu da ke kai iska kowane ɗaki. Garin kuwa ruwa ba ya gajiya da sauka. Gishiri ya dunƙule a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, takalmin da ka ajiye sati guda ka tarar ya yi furfura. A nan jikata take, 'yar shekara biyar, ƙawata nake ce mata. Tana da ciwon asma. In ya motsa, ƙirjinta sai ya riƙa fito kamar buta a kan wuta. Don ita aka kira Farfesa.

Ranar da ya zo bai shigo kai tsaye ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya rufe ido, ya shaƙi iska, ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Sannan ya sa safar hannu, ya sa takunkumi, ya fito da wata 'yar na'ura mai lambobi, ya ɗaga ta sama yana bi ɗaki ɗaki. Muka bi shi a baya kamar masu rakiyar baƙo.

"Ikon Allah ne kawai ya bar ku da rai," in ji shi. "Wannan ba iska ba ce, shara ce kuke shaƙa. Wa ke buɗe tagogin nan?"

Na ce ni ce. Kullum in na idar da sallar asuba nakan buɗe su, in rana ta leƙo kuma in fitar da katifu.

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa ƙaramin yaro. "Umma, iskar waje ɗanya ce. Ba a tace ta ba, ba a auna ta ba, ba wanda ya san inda ta kwana. Zamanin buɗe taga ya wuce."

Na ce, "To Farfesa, bayan kabad ɗin nan na ɗakin yarinya yana wari kamar tsumman da aka manta a bokiti."

"Hanci ba na'ura ba ne, Umma," ya ce, ya nuna mini lambobin. Ya san ban iya karatu ba, amma ya daɗe yana nuna mini, don in samu albarka.

Sai aka kafa tsani. Kafin ya hau ya ba ƙaninsa, surukin nawa, waya ya ɗauke shi hoto, ƙafa ɗaya a kan matakala, ido yana duban nesa. Gaskiya kuma a faɗe ta, ya fito da datti. Ƙura ta shekara da shekaru, busasshen ƙadangare, gashin tsuntsu, har da takalmin jariri ƙafa ɗaya da ba mu san na wane ne ba. Ya zuba a leda mai haske, ya sa aka kira maƙwabta su zo su gani. Ya tsaya a tsakar gida, ledar a sama.

"Jama'a, ku dubi abin da na ciro daga huhun gidan nan. Likita yana duba mutum ɗaya. Ni gida guda nake yi wa tiyata. Ban ce na fi likita ba, amma ku yi lissafi da kanku."

Da ya koma silin, sai ya ga wani siririn tiyo da ya fito daga jikin na'urar ya bi ta bango zuwa waje, yana ɗigar da ruwa ta bayan gidan. Shekara nawa ina ganin ɗigon nan, har tukunyar fure na ajiye a ƙarƙashinsa. Farfesa ya leƙo da kansa ta ramin silin, fuska duk yanar gizo.

"Na kama ɓarawon. Ta nan ɗanyar iska ke satar hanya ta shigo."

Ya lanƙwasa tiyon, ya ɗaure shi tam da roba. Ya fesa turare mai ƙamshin lemo a cikin bututu. Ya sauko ya bi tagogi da salatif, har da 'yar tagar banɗaki. Daga ƙarshe ya manna takarda mai hotonsa a ƙofar gida, ya ce shaida ce cewa iskar gidan nan ta ci jarrabawa.

Sati biyu muka yi cikin iskar da ta ci jarrabawa. Ƙamshin lemo a sama, warin ruɓa a ƙasa. Bango ya fara gumi. In na yi sujada sai in ji darduma ta yi sanyi a goshina kamar an yayyafa mata ruwa. Furen da ke ƙarƙashin tiyon ya bushe. Ƙawata kuwa ta daina gudu, ta daina tsokanata, sai ta zauna ta jingina da bango tana jan numfashi da kafaɗu.

Aka sake kiran Farfesa. Ya zo, ya ɗaga na'ura, ya duba, fuskarsa ta washe.

"Iskar nan ta fi ta asibiti. Yarinyar ce ba ta saba da tsabta ba. Huhunta koyo yake yi, ku ba shi lokaci."

Surukina ya sunkuyar da kai, don ba ya iya musu da yayansa. 'Yata ta dube ni, na dubi ƙasa. Gidan suruki ne, na ce kar a ce tsohuwa ta zo tana raba 'yan'uwa. Rubuta wannan ma, auta. Na yi shiru a inda bai kamata ba, kuma har yau ina neman gafarar Ubangiji a kai.

Wata safiya yarinyar ta zo za ta ce "Kaka", ta kasa ƙarasawa. Na ga leɓenta ya canza launi. Uwarta ta saɓa ta a kafaɗa, ko mayafi ba ta tsaya nema ba, muka yi asibiti. Aka sa mata robar numfashi a fuska. Ma'aikaciyar jinyar, wata mai ƙaramin jiki da ba ta da takarda mai zinariya a hannu, ta yi mana tambaya ɗaya: "Inda take kwana akwai danshi?"

Na bar su can na dawo gida ni kaɗai. Na yi bisimilla na bi tagogin nan ina ɓare salatif. Na leƙa na kira maƙwabcinmu mai gyaran famfo, muka ture kabad. Bangon da ke bayansa, dab da gadon yarinyar, baƙi ƙirin, daga sama har ƙasa, fumfuna ta yi masa gashi. Ka taɓa da yatsa, ruwa ya fito.

Mai famfo ya hau silin da tocila. Can na ji muryarsa: "Umma, wa ya ɗaure wannan tiyon?"

Na ce Farfesa.

"Farfesan me?"

Na ce na iska.

"To ba iska ke bi ta nan ba, ruwa ne. Na'urar tana tsotse danshin ɗaki, ta tara a faranti, tiyon ya fitar da shi waje. An ɗaure mata hanya, farantin ya cika ya tumbatsa cikin bango. Da ma yana ɗan yoyo, shi ne warin da kika ji. Yanzu kam kogi ne."

Ya kwance robar. Ruwan da ya zubo ya cika bokiti biyu.

Ana cikin haka sai ga Farfesa, labari ya kai masa. Ya tsaya gaban bangon, hannu a baya, ya daɗe yana kallo. Na ce a raina yau dai zan ji kalmar da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Sai ya gyaɗa kai.

"Madalla. Abin da nake zargi ke nan tun farko. Da gangan na ɗaure, don cutar ta fito fili a gan ta. Da ban yi haka ba, da har yanzu tana ɓoye." Ya juya wajen mai famfo. "Malam, ɗan matsa, kana tare mini haske." Ya ɗauki hoton bangon, ya ɗauki na kansa a gefen bangon. Bai tambayi lafiyar yarinyar ba sai da ya kai ƙofa, shi ma don ya ji ko likitoci sun ambaci sunansa.

Mai famfo ya canza farantin, ya farfashe filastar da ta ruɓe. Katifar muka jefar. Sauran kuwa ni da 'yata ne, kwana uku a durƙushe, tsumma ɗaure a hanci, sabulun wanki da buroshi, tagogi a buɗe, fanka na kaɗawa har bango ya bushe. Sai da aka yi sati sannan muka bar ƙawata ta koma ɗakin. Alhamdulillahi, yanzu gudu take yi har sai na ce ta zauna, kuma bakinta ya dawo, jiya ma cewa ta yi na tsufa da yawa ba za ta ƙara ƙawance da ni ba.

Shi kuwa Farfesa girma ya ƙaru. Ya buga sabon kati, ya zama ƙwararre a kan danshi da fumfuna. Gida gida yake bi da hoton bangonmu, yana ba da labarin yarinyar da ya ceto daga bakin mutuwa. Shekaranjiya sai ga matarsa, baiwar Allah mai kunya. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ta tambayi kowa har da wanda ba ya nan. Can ta yi ƙasa da murya ta ce Farfesa ya samu babban aiki a wani gida, shi ne ya ce a tambayo masa sunan sinadarin da na wanke bango da shi, amma kar kowa ya ji.

Na shiga banɗaki na ɗauko mata guntun sabulun da ya rage da buroshin da bakinsa ya cinye. Na ce ta kai masa, ta kuma gaya masa ba ya aiki sai an durƙusa.

An ce tun jiya yana can yana yawo cikin farar rigarsa, yana neman wanda zai durƙusa masa.